Gida a bayan a-kori-kura: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen fasalin tirelar zama a Amurka

Tun da ni da iyalina muka bar gidan haya muka koma cikin tirelar zama, 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada ba su daina tambayata ba: wace iri za a saya, ɗaki nawa, za ta ishi mai yara? Wasunsu ma'aikatan jinya ne masu kwantiragin mako 13 daga wannan asibiti zuwa wancan, wasu aikin gine-gine ke yawo da su, wasu sun yi ritaya suna son zaga ƙasa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa da amsar da nake bayarwa. Maganar ta shafi mai niyyar zama a ciki watanni ko shekaru. Wanda zai fita hutun kwana uku, kusan kowace iri ta ishe shi.

Wace irin tirela ce wannan, me ya raba ta da sauran?

Gida ne a kan tayoyi, ba shi da inji, babbar a-kori-kura ce ke jan sa. Gabansa a ɗage yake kamar wuya, yana hawa kan bayan motar. A ƙarƙashin wuyan akwai ƙusar ƙarfe mai kauri da ke shigewa cikin wani faranti mai siffar kofaton doki, wanda aka ɗaure a bayan a-kori-kurar saitin tayoyinta na baya. Duk wanda ya taɓa ganin direba ya ja da baya ya haɗa kan tirela da bodinta ya riga ya san abin. Amurkawa suna kiran ta da sunan da ke nufin "taya ta biyar", kuma sunan ya samo asali ne daga kekunan doki na da, masu wani zoben ƙarfe a kwance a kan tayoyin gaba da ke ba su damar juyawa.

Wannan wuya shi ya haifi fasalin cikin. Gidan ya kasu biyu: ƙasa mai dogon rufi, da sama a kan wuyan, inda ake hawa 'yan matakalai. A ƙarƙashin saman akwai babban sito da ake buɗewa ta waje, ta gefe biyu. Tsawonsu yakan kama daga ƙafa 25 zuwa 45, faɗi ƙafa 8 zuwa 8 da rabi, manyan kuma tsayinsu yana haura ƙafa 13. Sai wani ɓangaren bango da ke zurowa waje idan an yada zango, kamar aljihun tebur, ya ƙara wa ɗaki faɗi, a mayar da shi ciki idan za a kama hanya. Daga nan zan riƙa kiran sa aljihu.

Mene ne ma'anar haruffan da ke jikin lambar kowace tirela?

Yawanci suna nuna fasalin. RL falo a baya, RK kicin a baya, FL falo a gaba a kan wuya, BH ɗakin yara mai gadaje masu hawa biyu, MB ɗakin yara a tsakiya. Kada ka ɗauki lambar da ke gaban haruffan a matsayin tsawo. Sau da yawa tirelar ta fi lambarta tsawo da ƙafa uku ko huɗu, don haka ka duba takardar awo.

Mafi yawan waɗannan tireloli a arewacin jihar Indiyana ake ƙera su, a Elkhart da garuruwan da ke kewaye da ita irin su Goshen da Middlebury, kuma kamfanoni kaɗan ne suka mamaye kasuwar: Thor mai Keystone da Jayco, Forest River, da Winnebago wadda ta sayi Grand Design a 2016. Shi ya sa fasalin ke kama da juna. In ka fahimci guda biyar ko shida, ka fahimci kusan duk abin da za a nuna maka.

Daga ina zan fara? Zanen ɗakuna sun yi mini yawa.

Ka ajiye zanen tukuna, ka je ka buɗe ƙofar direba ta motarka. A jikin ƙarfen ƙofar akwai 'yar takarda da ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta iya ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Wannan lamba ita ce ke yanke maka hukunci. Talla takan yi ta maganar nauyin da mota za ta iya ja, alhali a wannan irin tirela abin da ke fara ƙarewa shi ne nauyin da za ta iya ɗauka, domin wuyan tirelar a kan bayanta yake zaune.

Nauyin wuya yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirelar idan an loda mata kayan zama. Ɗauki tirelar da iyakar nauyinta fam 16,000 ne, kusan kilo 7,250. Wuyanta kaɗai zai ɗora wa motar fam 3,200 zuwa 4,000. Ka ƙara nauyin farantin haɗi, da kai, da iyalinka, da duk abin da ke cikin motar. A-kori-kura ajin F-250 ko Ram 2500, musamman mai injin dizal wanda shi kansa nauyi ne, sau da yawa ba ta kai nan ba. Sai ajin F-350, Ram 3500 ko Silverado 3500, manyan tirelolin ma sai mai tayoyi bibbiyu a baya.

Tirelar ita ma tana da tata takardar da ke nuna kayan da za ta iya ɗauka. A nan ne fasali mai ƙawa ke cutar mutane: kowane ƙarin aljihu, ƙarin banɗaki, teburin dutse, duk suna cinye wannan kaso tun kafin ka sa cokali. Ruwa kaɗai, tanki mai galan 80 ya kai lita 300, wato kilo 300. Ga tufafin sanyi da na zafi, tukwane, buhun shinkafa, littattafai, batura, injin wanki. Iyalin da suka tattaro rayuwarsu gaba ɗaya, ni ba na ba su shawarar tirelar da ba ta iya ɗaukar kusan fam 3,000 ba. Bayan kun loda, ku hau sikelin manyan motoci da ke gidajen man tireloli, irin na kamfanin CAT, ku ga gaskiyar lamarin.

Nauyi yana taɓa lasisi ma. A Kalifoniya, jan irin wannan tirela da iyakar nauyinta ya haura fam 15,000 yana buƙatar lasisi ajin A wanda ba na kasuwanci ba. A Teksas, ana buƙatar ajin A idan jimillar iyakar nauyin mota da tirela ta haura fam 26,000 kuma tirelar ta haura 10,000. Ka duba dokar jihar da ta ba ka lasisi.

Mu biyu ne, ni da maigidana. Falo a baya ko falo a gaba?

Falo a baya shi ya fi yawa a kasuwa, kuma akwai dalili. Aljihu biyu suna fuskantar juna, ɗaya ɗauke da kicin da talabijin, ɗaya da teburin cin abinci da kujerun hutawa, doguwar kujera kuma tana jingine da bangon ƙarshe a ƙarƙashin manyan tagogi. Da yake yawancin wuraren yada zango da baya ake shiga su, waɗannan tagogi ne ke kallon tafki ko daji, ba titi ba. Ɗakin kwana da banɗaki suna sama. Ana samun sa daga ƙafa 30 da 'yan kai, ke nan ba lallai sai kun sayi ƙatuwar mota ba.

Falo a gaba ya fi kama da gida. Falon yana sama a keɓe, kujeru suna kallon juna, kicin yana ƙasa a tsakiya, ɗakin kwana can baya. In maigida ya yi baƙi maza, suna sama suna hira, ke kina da kicin da ɗakinki ba tare da kin ratsa ta gabansu ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Amma sai kin biya kuɗinsa ta wasu hanyoyi. Kusan duk irin wannan ta kai ƙafa 40 ko fiye, aljihu biyar ko shida, ga nauyi. Rufin falon bai kai na ƙasa tsayi ba, zafi kuma sama yake taruwa. Da yawansu an ɗaga ɗakin kwanan baya don a sami sito a ƙarƙashinsa, sai ya zama duk inda za ki sai kin taka matakala. Mai ciwon gwiwa ya lissafa sau nawa zai hau ya sauka a rana.

In za ku riƙa tashi kowane mako ko biyu, falo a baya. In za ku zauna wata uku a wuri ɗaya kuma gidanku ba ya rabuwa da baƙi, falo a gaba ya cancanci nauyinsa.

An ce kicin a baya yana fasa kwanuka. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Duk abin da ke bayan tayoyi ya fi shan girgiza, kamar kujerar ƙarshe a motar haya. Kwalabe na faɗuwa, ƙofofin kabad na buɗewa. Ana maganin wannan da shimfiɗar roba a cikin kabad, makullai masu ƙarfi, da kwanukan da ba na tangaran ba.

Duk da haka, ga mai girki irin namu ina ganin kicin a baya ya fi yawancin sauran. Yana ba da dogon tebur a jikin bango mai taga, kuma sau da yawa ba a sa masa teburin tsakiya, sai tsakar falon ta zauna a buɗe. Ki lura da murhun: baki uku ne a yawancinsu, a matse, manyan tukwane biyu ba sa zama kusa da juna. Ki tafi da tukunyar tuwonki ki ɗora ki gani. Ki kuma duba ko fankar da ke saman murhu waje take fitar da hayaƙi, domin wasu juya shi kawai suke yi a cikin ɗaki. A wuri mai ƙanƙanta haka, suyar manja da ƙamshin daddawa suna kama labule da katifa, tururin miya kuma yana zama raɓa a jikin bango, raɓa ta zama funfuna. Fankar rufi a saman kicin dole ce. Tirelar da ke da ɗan kicin na waje, ko bututun gas da za a jona murhu a ƙarƙashin rumfa, tana sauƙaƙa wannan sosai.

Muna da yara uku. Ɗakinsu a baya ko a tsakiya?

Ɗakin baya ya fi girma: gadaje masu hawa biyu irin na makarantar kwana, ƙofa mai rufuwa, wasu har da ɗan banɗaki da ƙofar fita ta biyu, wadda ke hana yara ratsa falo da taɓo a ƙafa. Iyaye suna wannan ƙarshen, yara suna wancan. Abin da za ku rasa shi ne falon, domin an yanke shi, manyan tagogin baya sun tafi, kujerun kuma sau da yawa a karkace suke kallon talabijin.

Ɗakin tsakiya yana bar muku cikakken falo a baya, ya ƙara ƙaramin ɗaki tsakanin kicin da matakala, yawanci da ɗan bene a samansa inda yaro ɗaya ko biyu za su kwana. Benen rufinsa a kusa yake, babba ba ya iya zama a miƙe, kuma yana ɗaukar zafi. Irin wannan tirela takan kai ƙafa 40 zuwa sama.

Tambayar da ya kamata ku yi ita ce shekarun yaran nan da shekara uku. Gadajen nan da yawa gajeru ne kuma kowanne yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa. In akwai mace da namiji da suka fara tasawa, za ku so a raba musu makwanci, kuma a nan ɗakin tsakiya mai bene ya fi: ɗaya a ƙasa da ƙofarta, ɗaya a sama. Ku guji duk tsarin da sai an kwance teburin cin abinci ko an buɗe kujera kowane dare kafin yaro ya sami gado. A hutu abin sha'awa ne, a zaman yau da gobe yana gajiyar da kowa, kuma yaron ba ya samun wurin da zai ce nasa ne. Ku kuma tabbatar kowane ɗakin kwana yana da tagar fita ta gaggawa, ku nuna wa yaran yadda ake buɗe ta.

Za a sami wurin salla? Alwala fa?

Ba wanda ya zana waɗannan tireloli da mu a ransa, don haka kai ne za ka auna. Daga mafi yawan sassan Amurka da Kanada alƙibla tana arewa maso gabas, amma tirelar duk inda aka ajiye ta wata fuska take kallo. Yau za ka yi salla a tsawonta, gobe a faɗinta, jibi a karkace. Dogon lungu siriri ba zai yi ba, sai fili mai kusan murabba'i. Babban abin da ke cinye wannan fili shi ne teburin tsakiyar kicin, wanda a kafe yake ba ya motsi. A falo-a-baya, filin da ke tsakanin wannan tebur da doguwar kujera shi ne wurin. A wasu ya ishi mutum biyu, a wasu ko ɗaya sai ya takura. Ka tafi da dardumarka wurin dila, ka shimfiɗa ta a fuska huɗu, ka yi sujada. In jam'i za ku riƙa yi da iyali, sahu biyu kuke nema, ka auna da darduma biyu gaba da baya.

Kwamin wanke hannu na banɗakin ƙarami ne, wankin ƙafa a ciki wahala ne. Ka nemi wurin wanka mai ɗan dakali da kan famfo mai tiyo, nan ne alwala za ta yi daɗi. Yawancin tireloli suna da famfo na waje ma. Ka zauna a kan masan ka rufe ƙofa, ka ga ko akwai wurin buta da wurin motsa hannu. Amfani da ruwa a masai yana taimakon tankin da ke tara ƙazantar masai, domin ƙarancin ruwa ne ke sa ƙazanta ta daskare a ciki. Sai dai tankin zai riƙa cika da wuri.

In ta hannu za ka saya, ka tambaya ko an zauna da kare a ciki, domin da yawan masu wannan rayuwa suna da shi. Daɓen leda ana wanke shi tas, kafet kuwa sai dai a cire.

Ina aiki ta intanet. Ina zan sa ofis?

Kada ka ce teburin cin abinci, sai ka riƙa kwashe kwamfuta sau uku a rana. Ɗakin tsakiya ya fi dacewa, yana da ƙofa kuma wasu sun zo da tebur. Ɗaya hanyar ita ce tirela mai gareji, wadda aka yi don ɗaukar babura: ɗaki ne fili a baya, tsawonsa ƙafa 10 zuwa 15 ko fiye, ƙofarsa tana sauka ta zama gangara, a wasu kuma ta tsaya a kwance ta zama baranda. Gadajensa suna ɗagewa zuwa rufi. Ofis, ajin karatun yara, masallaci, ɗakin baƙo, duk yana yi. Aibinsa shi ne ba a cika toshe shi daga zafi da sanyi kamar sauran ɗakunan ba, falon yana ƙanƙancewa, kuma wuyansa yana da nauyi sosai idan garejin babu kaya, domin an ƙera ta ne da tsammanin babura za su danne bayan.

Aljihu nawa ya kamata?

Daidai buƙata. Kowane aljihu rami ne a bango, da injinsa da robar da ke toshe bakinsa, kuma kowannensu yana iya lalacewa ko ya yi yoyo. Aljihun da ya ƙi komawa ciki ya hana ka tafiya ke nan. Uku sun ishi yawancin ma'aurata.

Abin da na fi nanatawa shi ne ka sa dila ya mayar da duk aljihunan ciki, sannan ka shiga. Haka tirelar za ta kasance duk ranar tafiya, a gidan mai, a wurin hutawa na bakin titi, da duk inda ba a yarda a baje ba. Za ka iya kaiwa banɗaki? Firji yana buɗewa? Gado fa? A fasali da yawa aljihu biyu suna matse teburin tsakiya har babu hanyar wucewa, firjin kuma ya koma bayan bango. Mu mun koyi wannan ne a hanya, ranar da maganin yaro ke cikin firji kuma babu filin buɗe aljihu a inda muka tsaya. A filin dila kullum a buɗe ake nuna su, in ba ka roƙa ba ba wanda zai rufe maka.

Ka duba gefen da kowane aljihu yake. Ƙofa da rumfa suna dama, wato tsakar gidanka ke nan, wuta da ruwa da bututun tanki suna hagu, inda maƙwabci yake. Aljihu babba a dama yana cinye inuwar rumfa. Tagogi masu yawa a hagu kuma suna kallon mazaunin wasu, sai labule ya wuni a sauke.

Tsawo nawa ne ya yi yawa?

Ya danganta da inda kake son kwana. Wuraren yada zango na 'yan kasuwa da yawa suna karɓar ƙafa 45. Gandayen gwamnati kuwa, da yawansu an tsara su tun kafin tireloli su yi wannan girma. A kwarin gandun Yosemite da ke Kalifoniya iyakar tsawon tirela ƙafa 35 ne, kuma wuraren da ke ɗaukar hakan kaɗan ne. Hanyar ƙarƙashin dutse ta gandun Zion a Yuta tana da iyakar tsayin abin hawan da take karɓa. Hanyar da ta ratsa tsakiyar gandun Glacier a Montana ta haramta duk abin da ya wuce ƙafa 21 a sashenta na kan dutse, ke nan sai dai ka ajiye tirela ka duba ko motar kanta za ta wuce.

A ganina, ƙasa da ƙafa 35 na mai yawo ne, 40 zuwa sama na mai zama ne. Tsakaninsu sai ka zaɓi abin da za ka haƙura da shi. Ka auna tsayin tirelarka da kanka bayan an haɗa ta da mota, har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka rubuta lambar ka manna a gaban sitiyari saboda gadoji. In bayan motarka gajere ne, ba mai ƙafa 8 ba, kana iya buƙatar farantin haɗi mai zamewa baya, don kada goshin tirela ya fasa gilashin motar a kwana mai tsanani.

Banɗaki ɗaya ya isa? Injin wanki fa?

Ga mutum biyu ya isa. Ga iyali mai mutum biyar, ko mai yawan baƙi, ƙarin ɗan banɗaki a ƙasa yana hana baƙo hawa kusa da ɗakin kwana. Sai dai yakan zo da tankin masai na biyu, wani lokaci da bakin zubarwa daban, ke nan aikin kwashewa ya ninka.

Injin wanki yawanci an tanadar masa wuri a cikin kabad ɗin gaba, a kan wuya. Yana cinye wurin rataye tufafi, yana ƙara nauyi a daidai inda motar ta fi jin sa, kuma yana cika tankin ruwan wanka, wato mai tara ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, da sauri. Mai jariri zai gode masa. Mai kwana a daji ba zai amfane shi ba.

Ina son zama a fili, inda babu wuta babu famfo. Me zan duba?

Girman tankuna kafin girman falo. A yammacin Amurka hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin tarayya, tana barin mutane su yada zango kyauta a yawancin filayenta, galibi har kwana 14 a wuri ɗaya, kuma a kusa da Quartzsite ta Arizona akwai wuraren dogon zama da ake biyan izini, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A can tankin ruwan wanka ne yake fara cika, alwala biyar ta mutum biyar kuma ruwa ce mai yawa. Firji irin na gida yana shan wuta dare da rana, sai da batura masu yawa da sola. Ka duba ko rufin yana da filin sola, da ko siton gaba zai ɗauki batura ko janareta.

Fasali yana shafar zafi da sanyi?

Ƙwarai. Babbar tirela tana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki biyu ko uku, ke nan sai layin wuta mai amfiya 50, wanda ke ba da wat 12,000. Tsofaffin wurare da yawa amfiya 30 kawai suke da ita, wat 3,600, wadda na'ura ɗaya da 'yan ƙananan abubuwa za ta iya ɗauka. Ka tabbatar ɗakin yara yana da bakin iskar sanyi da ta ɗumi, domin akan manta da shi.

Rubutun da ke cewa tirela ta dace da kowane yanayi ba shi da ma'auni guda da kowa ke bi. Ka tambaya ko an rufe ƙarƙashinta kuma ana ɗumama shi, da ko gilashin tagogi biyu ne. Murhun ɗumama ɗaki na lantarki da ke falo falon kawai yake ɗumamawa. Na gas ne yake hura ɗumi zuwa wurin tankuna, in ka kashe shi don tsimin gas a daren ƙanƙara, bututu na iya daskarewa ya fashe.

Ta yaya zan gwada kafin in biya?

Ka je babban baje koli inda za ka shiga guda ashirin a rana ɗaya, kamar na Tampa a Fulorida cikin Janairu ko na Hershey a Pennsylvania cikin Satumba. Idan ka rage su zuwa biyu ko uku, ku koma ku duka ku zauna aƙalla awa guda a kowace, ba tare da mai talla ba. Ku yi kamar ranar ruwan sama ce, kowa yana ciki: ɗaya a kicin, ɗaya zai wuce banɗaki, yaro yana rubutu. Ka kwanta a gadon, domin katifun nan sau da yawa ba su kai na gida faɗi ko tsawo ba, ka ga ko ana iya zagaya shi a gyara shimfiɗa. Ka tsaya a wurin wanka ka ɗaga hannu. Ka nemi inda kwandon shara, tsintsiya da takalma za su zauna, domin zane ba ya nuna su.

Ka karanta takardar garanti, wasu kamfanoni sun cire zaman dindindin daga abin da suka lamunta, inshora ma akwai ta musamman ga mai zama a ciki. In ta hannu ce, ka biya ƙwararren mai bincike ya duba rufi, bakin aljihu da daɓe saboda yoyo, ka kuma sani cewa wasu wuraren 'yan kasuwa suna ƙin tirelar da ta haura shekara 10.

Za a iya kai irin wannan gida Najeriya ko Nijar?

Jirgin ruwa zai ɗauke ta, amma an ƙera ta ne don wani tsari daban. Kayan wutarta volt 120 ne, namu kuwa 220 zuwa 230. Tana dogara da wuraren yada zango masu wuta, ruwa da ramin zubar da tanki, ga motar da za ta ja ta da kayan gyaranta. Bangonta siriri ne, tsakar ranar bazara a Sakkwato ko Yamai za ta fi ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki guda. Wanda zai kafa ta a gona ko wurin aiki ya bar ta a nan, sai ya tanadi taransfoma, rumfar kwano a samanta da ramin masai, ya kuma zaɓi mai aljihu kaɗan, domin ƙurar hunturu tana cin robar bakinsu.